Manomin da Ya Tare Hanyar Rijiya da Ƙaya

A wani ƙauye da ke gindin dutse, nesa da titin mota, an yi wani manomi. Ba mai arziki ba ne, ba kuma wanda ake kai wa sadaka ba. Gonaki biyu gare shi, ɗaya a bayan gidansa, ɗaya can cikin jeji. Gidansa ne na ƙarshe a ƙauyen. Daga shi sai gonar, daga gonar sai kwazazzabo.

'Ya'yansa duk sun girma sun tafi birni neman abinci, shi da matarsa kaɗai suka rage. Matar kuwa ciwo ya shanye mata ɓarin jiki. Ba ta iya tashi, ba ta iya juyawa sai an juya ta, maganarta ma sai an kasa kunne sosai. Shi ne mai hura wuta, shi ne mai dama kunu, shi ne mai wanke mata tufafi. In ya gama wannan sai ya saɓi fartanya ya kama hanyar jeji, ba ya dawowa sai rana ta yi sanyi. Ya daɗe a haka, har ya manta yadda mutum yake ji in ya tashi daga barci babu inda yake masa ciwo.

Mutanen ƙauyen ruwan tafki suke sha. Tafkin yana can ɗaya gefen gari. Shanu su sha, yara su yi wanka, mata su ɗiba su tace da ɗankwali, su bar shi a randa ya kwanta. Babu daminar da za ta wuce ba a binne yara ba saboda amai da gudawa. Manomin nan ma ɗansa na fari haka ya tafi, tun bai iya tafiya ba.

Ana nan, wata shekara da rani, sai ga waɗansu baƙi masu aikin haƙa rijiyoyi a ƙauyuka. Suka gwada ƙofar gidan mai unguwa, babu ruwa. Suka gwada filin makaranta, suka tarar da dutse. Suka yi ta aune-aunensu har suka kai ƙarshen gonar manomin nan, dab da kwazazzabo, suka ce nan ne ruwa yake. Dattawa suka zo gidansa suna kame-kame, ba su san ta inda za su fara ba. Shi kuwa bai bari sun wahala ba.

Ya ce, "Ruwa na Allah ne. Ku haƙa."

Da zuciya ɗaya ya faɗa, gama ya tuna da ɗansa.

Aka haƙa, aka zuba siminti, aka kafa famfon tuƙa-tuƙa. Ruwa ya fito garau, mai sanyi, babu wari. Ranar buɗewa aka yi addu'a, zumuntar matan ikkilisiya suka yi waƙa. Aka gode wa baƙin, aka gode wa mai unguwa, aka gode wa samarin da suka ɗebo yashi. Mai gonar dai ba wanda ya ambace shi. Ba da mugunta ba ne, mantuwa ce kawai. Ya ce a ransa ba komai, kuma a ranar da gaske ba komai ɗin ne.

Da damina ta sauka, ya shuka masara a gonar bayan gida, ya bar 'yar siririyar hanya wadda mutum ɗaya zai bi da tulu a ka. Hanyar ta bi ta ƙofar gidansa, ta ratsa gonar, ta kai rijiya. Babu wata hanya sai in mutum zai zaga bayan dutse.

Amma hanyar ba ta tsaya siririya ba. In mata biyu suka haɗu, ɗaya sai ta kauce ta hau kunya. Masu turo jarkoki a baro suka ƙara mata faɗi. Yara suka riƙa yanke ta cikin shuka don su riga juna. Awaki suka gane akwai ruwa a gindin famfo, suka riƙa biyo mutane, suna tafe suna tsinkar ganye. Wasu suka mai da wurin wajen wanki, su shanya zannuwa a kan masara. Tun kafin zakara ya gama cara famfo ya fara kuka, ba ya yin shiru sai duhu. Gidan ma bai tsira ba. In ya dawo daga jeji sai ya tarar da sawun mata a tsakar gida, an bar ƙofa a buɗe, tabarma ba inda ya ajiye ta ba. Ya san suna shigowa wurin matarsa, amma a ganinsa surutu ne kawai yake kawo su.

Ya kai kuka wurin mai unguwa, aka ce za a yi magana. Ya gaya wa dattawan ikkilisiya, aka yi sanarwa ranar Lahadi, kowa ya gyaɗa kai. Mutane suka kiyaye na 'yan kwanaki, sa'an nan suka koma yadda suke. A wannan shekara masarar da ya samu ba ta kai su ko'ina ba. Ya yi haƙuri. Gari kuwa ba a binne yaro ko ɗaya ba, kowa yana ta yabon Allah.

Damina ta sake zagayowa, ya sake shuka. Masara ta kai gwiwa, ta yi kore shar. Wata rana ya dawo daga jeji bayansa kamar zai karye, sai ya tarar wani ya shigo da amalanken shanu ɗauke da manyan gangunan ruwa, ya ɗebi ruwan gini. Da zai juya bai sami wuri ba, sai ya juya cikin shuka. Kunyoyi da yawa sun kwanta cikin laka.

Manomin ya tsaya yana kallo. Bai tambayi wanda ya yi ba. Bai yi ihu ba, bai zagi kowa ba. Fushi ma yana bukatar ƙarfi, shi kuwa ba shi da shi. Ya zauna a kan kunya ya daɗe. Sa'an nan ya tashi ya shiga gida ya ɗauko gatari, ya tafi bakin kwazazzabo ya sassaro ƙaya, ya ja ta reshe-reshe ya tare bakin hanyar.

Da safe mata suka zo da tuluna suka yi cirko-cirko. Ya fito ya gaishe su da kyau, ya ce su yi masa haƙuri sai bayan girbi. Dattawa suka zo suka roƙe shi.

Ya ce musu, "Ban hana kowa ruwa ba. Gonata na tare. Wanda yake so ya zaga ta bayan dutse."

Kowa ya sani babu macen da za ta zaga bayan dutse da tulu a ka, ga girki yana jiranta, ga noma. Amma gonarsa ce, kuma abin da ya faɗa game da ɓarnar gaskiya ne. Su ma dattawan a gajiye suke, aikin gona ya sha musu kai. Suka dubi juna suka ce, to, girbi ai ba nisa, ga tafki ya cika. Suka watse.

Sai wuri ya yi tsit. Manomin ya yi barci har gari ya waye, abin da ya daɗe bai samu ba. Masarar da ta tsira ta miƙe, ciyawa ta fara rufe hanyar. Da safe ya bi ta bayan gida ya tuƙa ruwansa shi kaɗai. Ya ce a ransa, da na sani da tuni na yi haka.

Ba a daɗe ba ya fara lura da matarsa. Ta rage cin abinci. In ya dawo sai ya same ta ta juya fuska bango, gashinta ya cukurkuɗe. Wata rana da yamma yana canja mata zane sai ya ji wari. Ya ɗaga ta, ya ga fatar bayanta da ta ƙugunta ta saluɓe, gyambo ya buɗe. Ya rasa dalili, gama bai rage komai cikin abin da ya saba yi mata ba. Ya tambaye ta me ya faru.

Ta daɗe tana haɗa maganar. A hankali ta gaya masa cewa matan da suke wucewa rijiya su ne suke juya ta. Wannan ta shigo da hantsi ta juya ta dama, wata ta shigo da rana ta juya ta hagu. Wata ta yi mata kitso. Wata ta ba ta ruwa a baki ta gaya mata wanda ya haihu da wanda ya yi baƙo. Akwai kuma wata gwauruwa mai suna Keziya, mai 'ya'ya ƙanana, wadda ba ta taɓa wucewa ba ta ajiye tulunta ta wanke mata jiki ta shafa mata man kaɗanya ba. Matar ba ta taɓa faɗa masa ba domin ta zaci ya sani.

Ya ce, "Ai ban kulle ƙofar gida ba. Me ya hana su zuwa?"

Ta ce, "Hanyarsu ta koma wancan gefe, Maigida. Keziya ta yi ta zuwa. Yanzu ita ma shiru."

Washegari bai tafi jeji ba. Ya ce bari ya je ya roƙi Keziya ta riƙa leƙowa ko sau ɗaya a rana. Ya ratsa gari, ya yi sallama a ƙofarta. Ya same ta zaune a bakin ɗaki da ƙaramar 'yarta a cinya. Idanun yarinyar sun faɗa, leɓɓanta sun bushe, ko kuka ba ta iya yi. Keziya ta yunƙura za ta durƙusa, ya ce ta zauna.

Ta ce, "Sannu da zuwa, Baba. Yaya jikin Mama? Ka gafarce ni ban leƙo ba, ka ga abin da ya riƙe ni."

Sa'an nan ta kwantar da yarinyar, ta je randa ta ɗebo ruwa a moɗa kamar yadda ake yi wa baƙo, ta miƙa masa da hannu biyu. Ya karɓa. Ruwan ja ne, da ɗan tsaki-tsaki yana yawo a ciki. Ta ga yana kallonsa.

Ta ce, "Ka yi haƙuri, Baba. Bai gama kwanciya ba."

Babu gori a muryarta. Kunya ce kawai irin ta wanda ba shi da abin kirki da zai ba baƙo. Manomin ya riƙe moɗar, ya kasa sha, ya kuma kasa ajiyewa. A ƙarshe ya ajiye moɗar a ƙasa, ya ce Allah ya ba da sauƙi, ya fita.

Ya koma gida ya tuƙa ruwa cike da jarka, ya ɗora a ka, ya ratsa tsakiyar gari da ita, tsoho da furfura, mutane suna kallo. Ya sauke a ƙofar Keziya, ya ce ta zubar da na randa. Ya nemi mai babur ya kai ta da yarinyar asibitin da ke bakin titi. Daga nan ya dawo bakin gonarsa ya fara janye ƙayar. Ta bushe ta sarƙe da juna, ta fi wuyar cirewa a kan sakawa. Ta yayyage masa hannuwa. Mutane biyu suka wuce suka ce masa sannu da aiki, ba wanda ya tsaya.

'Yar Keziya ta rayu, ko da yake ta daɗe ba ta mai da jikinta ba. Amma a cikin makon nan aka binne wani jariri a wata unguwa. Ba wanda ya ce laifin manomin ne. Wasu suka ce zazzaɓi ne, wasu suka ce ciki ne. Shi ma bai taɓa sanin gaskiyar ba, kuma bai taɓa iya daina tambayar kansa ba.

Mata suka dawo, da fari suna sunkuyar da kai in sun gan shi, daga baya suka saki jiki. Suka koma shiga wurin matarsa. Gyambon ya warke a hankali, ya bar tabo. Wasu samari suka kakkafa itatuwa a gefen hanya don kare shuka, kafin wata ya ƙare an zare rabinsu an yi girki da su. Awaki suka dawo. Famfo ya koma kukansa tun asuba. Masarar da ya girbe a wannan shekara ma kaɗan ce. Da shuka ta sake zuwa, ya auna faɗin da amalanke zai iya juyawa, ya bar wurin bai sa iri ba. Ya ci gaba da tashi da ciwon baya, yana hura wuta, yana dama kunu.

To, 'yan'uwa, ga abin da misalin nan yake nufi.

Rijiyar nan alherin Allah ne. Ba mu muka zaɓi inda zai ɓullo ba. Sau da yawa Ubangiji yakan sa abin da mutane suke bukata a bayan gidan wanda shi kansa yake da nauyi a ka. Sai ka ga gidan da ba shi da yalwa shi ne baƙi suke sauka. Matar da take da majiyyaci ita ake kira in wata tana naƙuda. Mutumin da ya iya gyaran famfonmu shi ake tasa daga cin tuwo. Da fari mukan ce to da murna, kamar yadda manomin ya ce a haƙa. Ranar farko ba ta da wuya. Abin da yake da wuya shi ne shekara ta biyu da ta uku, lokacin da waƙa ta ƙare, baƙi sun tafi, sai sawun ƙafa a kan shukarka.

Kada kowa ya fita daga nan ya ce manomin mugu ne. Asararsa ta gaske ce, gajiyarsa ma ta gaske ce. Ya kai kuka inda ya kamata, ba a share masa hawaye ba. Na san akwai irinsa zaune a nan yau. Kin yi shekara da shekaru kina share majami'ar nan ba wanda ya taɓa karɓar tsintsiyar daga hannunki. Ka riƙe marayun ɗan'uwanka, sun girma, ko gaisuwa ba sa aikowa. Allah ya ga wannan duka. Bai ce ba ku gaji ba.

Amma ku lura da abin da gajiya take yi wa ido. Manomin ya ga kowace masarar da aka taka, bai ga hannuwan da suke juya matarsa ba. Hanyar da take cin gonarsa ita ce take kawo jinƙai cikin ɗakinsa, bai sani ba sai da ya rufe ta. Mu ma in muka gaji, abin da aka ɗauke mana kaɗai muke gani. Sai mu sari ƙaya. Ƙayarmu ba ta jeji ba ce: ɗaure fuska ce, da "ba na nan", da "ni ma na yi nawa". Mukan ce ba mu hana kowa komai ba, su zaga ta wani wuri, alhali mun san ba za su iya ba. Kuma wanda ya fara shan wahalar ba mai amalanken ba ne. Shi yana da shanu, zai nemi ruwa ko'ina. Yarinyar da ba ta taɓa taka masarar kowa ba ita ce ta kwanta.

Sauran maganar kuwa tamu ce, mu masu tuluna. Da mutum biyar sun tsaya sun tayar masa da kunyoyin da aka rushe, da dattawa sun yi abin da ya wuce sanarwa, da wataƙila gatarin nan bai fito daga ɗaki ba. Muna sha daga wahalar wani kowace safiya, har mun ɗauka haka Allah ya halicce shi, mai ɗauka ba ya gajiya. In ya faɗi, mu ce halinsa ya canja.

Ba zan yi muku alkawarin cewa in kun buɗe hanya gajiyar za ta tafi ba. Manomin bai huta ba, masararsa ba ta ƙaru ba, ba a kuma tara gari an gode masa ba. Ubangijinmu da kansa ya san gajiya a jikinsa, ya san mutanen da suke karɓa su juya baya, duk da haka bai rufe mana ƙofa ba. Wurinsa za ku kai gajiyarku, ku kuma faɗa wa 'yan'uwa da baki, tun kafin hannu ya kai ga gatari.

Saboda haka, in an tashi yau, kada ku yi saurin tafiya gida. Kowa ya tuna da mutumin da yake sha daga wahalarsa. Kun san shi, kun san gidansa. Ku je ku same shi tun yana iya amsa sallama da fara'a, ku tambaye shi abin da za ku ɗauke masa. In ya ce ba komai, kada ku yarda. Ku dubi hannunsa, ku karɓi abin da yake riƙe da shi.